Sassaƙen Wilo da Amosanin Gaɓɓai

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar da yatsunta suka kumbura suka karkace, har ta kasa ɗaura zani da safe, ya ga irin amosanin gaɓɓan da muke nufi. Ba gajiyar ƙashi ba ce ta tsufa. Garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, sai kumburi, sai raɗaɗi, sannu a hankali gaɓar ta lalace. Wani likita a Faris, Landré-Beauvais, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1800.

Tun kafin nan mutane suna neman sauƙi a jikin itatuwa. Turawa suna da wata itaciya, wilo, mai son bakin rafi, sassaƙenta ɗaci kamar maɗaci. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta cewa ya busar da sassaƙen, ya daka, ya ba kimanin mutum 50 masu zazzaɓi, suka sami sauƙi. Wato dai aikin da mai maganin gargajiya yake yi ya yi, illa shi ya ƙirga, ya kuma rubuta. A 1828 Buchner ya tace sinadarin a Jamus, aka kira shi salisin. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya sarrafa wani danginsa, wanda aka sa wa suna Aspirin a 1899. Shekara da shekaru likitoci suna ɗura wa masu amosani shi ba su san yadda yake aiki ba, sai a 1971 John Vane ya gano cewa yana hana jiki haɗa sinadaran da ke rura kumburi.

To amma fa, ya kai mai karatu, nan gizo ke saƙar. Da sassaƙen da ƙwayar duk raɗaɗi suke kwantarwa, cutar kuwa tana nan tana cin gaɓa. Yawan shan Aspirin kuma yakan sa ciki zub da jini. Sai da aka koma ga magunguna masu lafar da garkuwar jikin kanta, irin su metotireksat da Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 1988, sannan aka fara kuɓutar da yatsun mutane da yawa kafin su karkace.