Gwano da Gara: Wani Babi a Tarihin Dajin Kamuku

Jama'a, idan ana batun tarihin dajin Birnin Gwari, galibi giwaye da gwanki ake ambata, alhali kuwa akwai waɗansu mafarauta ƙanana a ƙarƙashin ganye waɗanda su ma suna da hannu a zaman lafiyar dajin.

A shekarar 1936 ne En'e ta Birnin Gwari ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120. Tsakanin waɗannan shekaru biyu tunanin masana game da daji ya sake. A 1942 wani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya nuna cewa ƙarfin da tsiro ke samu daga rana raguwa yake yi ƙwarai duk sa'ad da ya wuce daga bakin wani zuwa bakin wani. Abin da ya sa ke nan mafarauci kullum bai kai abin farautarsa yawa ba.

Wannan tunani ya iso Nijeriya sosai a shekarun 1970, a tashar binciken aikin gona ta Mokwa, kudu maso yamma da Birnin Gwari. Binciken Collins, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa gara na kwashe kashi 60 cikin ɗari na itacen da ke faɗuwa a shekara, gobarar daji kuwa tana cinye kusan rabin ganyen da ya zuba. To, wa ke taka wa gara burki? A 1978 Longhurst da abokan aikinsa sun bayyana farautar wata baƙar tururuwa dangin gwano, wadda masana ke kira Megaponera. Ɗan leƙen asiri ne ke fara gano inda gara ke kiwo, sa'an nan ya jawo ɗaruruwan 'yan'uwansa a jere, su kashe, su ɗauko ganima zuwa gida. Da naman nan ake ciyar da tsutsotsi har su zama manya, watau ƙarfin da ke cikin busasshen itace ya bi ta jikin gara ya koma sabuwar zuriya. A 2017 an tabbatar a gandun Comoé na ƙasar Kwaddibuwa cewa har waɗanda suka ji rauni a fagen fama sukan ɗauko.

Tun daga shekarun 2010 ta'adin 'yan bindiga ya sa shiga Kamuku ya yi wuya, ga kuma sare doka da cinna wuta. Ku ɗalibai da ma'aikatan gandun daji, ku sani gadon da aka keɓe a 1936 ya haɗa har da abin da ke cikin ƙasa. Duk mai ƙidaya giwa, ya kamata ya sunkuya ya dubi jerin gwano.