Daga Bangon Soro Zuwa Shafin Littafi: Tarihin Zayyana da Rubutun Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya ɗauki littafi ko ya tsaya gaban takardar sanarwar taro, kafin ya karanta kalma guda idonsa ya riga ya sauka a kan siffar baƙaƙen da kuma adon da aka kewaye shafin da shi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan aikin mai kwamfuta ne kawai, abin da ya ga dama shi yake zaɓa. Alhali kuwa garuruwanmu suna da nasu salon rubutu da nasu salon ado, waɗanda suka tashi tare da ganuwa da soraye da zaurukan karatu. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun wannan gado a birnin Kano da maƙwabtansa, mu ga yadda ya iso gare mu, da abin da ya rage a wuyanmu game da shi.

Birni da maginansa

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, sannan Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili ya sauka a Kano. Saboda haka tun ƙarni na 15 gini da kasuwa da ilimi suka zauna wuri guda a cikin birnin.

Maginin Hausa yana aiki da tubali da azara da makuba. Da waɗannan yake ɗaga bakan gizo, ya rufe ɗaki da daurin guga, ya kafa zankwaye a kusurwoyin soro. Mafi shahara a wannan fage shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Wanda ya dubi ginshiƙan wannan masallaci zai ga zane mai zurfi da aka fitar a jikin laka, layuka miƙaƙƙu da da'irori da kusurwoyi, babu siffar mutum ko dabba.

Da farko irin wannan ado ya fi yawa a cikin fada da masallaci da ɗakunan manya. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai attajirai suka shiga ƙawata fuskokin gidajensu ta waje. A Kano da Zariya da Birnin Damagaram aka cika bangaye da dagi da takobi, har daga baya magina suka ƙara da keke da agogo da jirgin sama. Fuskar zaure ta zama tamkar shafi, mai wucewa yana karanta matsayin mai gida a jikinta.

Alƙalami da tawada

Rubutun da malamanmu suka gada reshe ne na rubutun Magariba, kuma ya zo ne tare da ruwayar Warshu. Alamarsa sananniya ce ga duk wanda ya yi karatun allo: fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ƙasar Barno ce ta yi fice wajen rubuta Alƙur'ani da baƙaƙe masu kauri da kusurwa, kuma daga cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno akwai wanda yake ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. Almajiran Kano da suka yi ta tafiya gabas neman karatu sun dawo da wannan hannu, a hankali ya rikiɗe ya zama abin da ake kira rubutun Kano: baƙaƙe manya, tsayayyu, masu cika ido, waɗanda ko a hasken fitilar aci-bal-bal ana iya karanta su.

Kayan aikin ba su da yawa. Alƙalamin kara ne, da tawadar da ake haɗawa da bagaruwa, da takarda. Takardar da ta fi yawa a ƙarni na 19 daga Italiya take, ana gane ta da tambarin jinjirin wata uku idan an ɗaga ta ga haske, fatake ne suke kawo ta ta hanyar Tarabulus da Masar. Kowane launi da aikinsa: baƙi na jikin baƙaƙe, ja na wasali, rawaya na hamza. Ana sa kumsa bayan aya biyar, kuri bayan aya goma, sannan a gefen shafi a zana da'ira mai ado a kan izu da nusufi da rubu'i da sumuni. Ba a ɗinke warƙoƙi. A ƙasan shafi ake rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba don kada su rikice, a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Duk wannan tsari ne na shafi cikakke, wanda aka kammala shi tun kafin injin ɗab'i ya shigo ƙasar.

Inda gini da rubutu suka haɗu

Abin lura shi ne, laƙabin gwani ɗaya ne ga wanda ya ƙware a Alƙur'ani har ya rubuta shi da ka, da wanda ya ƙware a gini. Kusancin ya wuce na suna. Dagin da ke goshin zaure shi ne a kan babbar riga, shi ne a jikin jakar fata, kuma danginsa ne ake gani a zayyanar allon sauka. Malamai da almajirai da yawa su ne suke zana wa maɗinka surar aikin riga, domin hannun da ya saba da alƙalami shi ya fi iya fitar da layi daidai. Ta haka zane yake tashi daga allo ya koma tufa, daga tufa ya hau bango.

Idan aka dubi babbar zayyana da ake sakawa a farkon kowane rubu'in Alƙur'ani, za a ga murabba'i cikin murabba'i, an raba fili gida-gida, an tsare gefe da igiya mai sarƙa, kamar yadda magini yake raba fuskar soro ya kewaye ƙofa. Misali mafi bayyana yana cikin Dala'ilul Khairati na Shehu Muhammadu bin Sulaiman al-Jazuli, wanda ya rasu wajen 1465. A cikin littafin akwai gurbin da ake zana Rauda mai albarka. Marubutan ƙasashenmu, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin Madina ba, sun fitar da ita da da'irori da murabba'ai da launukan da suka sani a gida. Gini ne ya shiga cikin littafi, amma da hannun mutanen wannan ƙasa.

Zuwan injin ɗab'i

Ƙarni na 20 ya zo da jarrabawa. An buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909 ƙarƙashin Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa. A shekarun 1930 aka daidaita baƙaƙen boko masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. A ɗaya gefen kuma littattafan Alƙahira da Bairut suna shigowa da rubutun gabas, siriri, wanda idon almajirin allo bai saba da shi ba. Da abin ya tafi a haka, da rubutun Kano ya tsaya a kan allo kaɗai.

Abin da ya cece shi dabara ce mai sauƙi. Daga shekarun 1950 masu buga littattafai suka koma ɗaukar hoton shafin da marubuci ya rubuta da hannunsa, su buga dubbai a inji. Zawiyoyin ɗariƙu suna cikin waɗanda suka fi raya wannan hanya, saboda buƙatar muridai ga littattafan wuridi da na yabo da na fiƙihu, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Kasuwar Kurmi ta zama cibiya, daga nan littattafai suke tafiya Damagaram da Kumasi da Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena tun 1973, har zuwa Sudan ta hanyar alhazai. Daga cikin marubutan da hannunsu ya zaga duniya ta wannan hanya akwai Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, Allah Ya jiƙansa. Mutane da yawa sun yi sauka da Alƙur'anin da ya rubuta ba tare da sun san sunansa ba.

Shi ma dagi ya bar bango ya hau takarda. A zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zama alamar Jihar Arewa, har ake ce masa dagin Arewa, kuma daga nan ya bazu a tambarin ƙungiyoyi da bangon littattafai.

Zamanin kwamfuta

Kwamfuta ta sake dawo da tsohuwar matsala. Baƙaƙen Larabcin da ta zo da su na gabas ne, babu fa da ƙaf irin na Warshu, kuma ɗigon imala da muke rubuta wasalin "e" da shi a ajami yakan ɓace ko ya kauce daga gurbinsa. A 2016 ne aka shigar da fa da ƙaf da nun na Warshu cikin Unicode, wato ma'aunin da na'urorin duniya suke gane baƙaƙe da shi. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon baƙaƙen kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano na littattafan kasuwa, kuma kyauta ake samunsa. Wato yau matashin da yake tsara kalanda ko tuta yana da ikon rubuta take da hannun kakanninsa.

A daidai wannan lokaci kuwa tushen da aka ɗebo adon daga gare shi yana ƙarewa. An sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su a 2007, amma sassa da yawa nata sun zube ko an yi gini a kansu. Gidajen ƙasa masu zane suna komawa bulo da siminti. Shi kansa masallacin Babban Gwani, abin da ya rage daga gare shi yana cikin sabon gini ne da aka lulluɓe shi da shi a shekarun 1970, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Duk lokacin da kayan aiki suka canja, gadon nan ya tsira ne saboda wasu sun ɗauke shi da niyya sun kai shi cikin sabon yanayi. Yanzu layi ya zo kanmu. Muna kira ga matasanmu masu aikin tsara zane da su je su zauna gaban masu zayyana da tsofaffin magina, su koyi sunan kowane zane da gurbinsa kafin su ɗora shi a shafi. Masu tsofaffin littattafai a gida su tsare su daga gara da danshi, su bari a ɗauki hotonsu. Wanda zai rushe tsohon zaure, ya ɗauki hoton fuskarsa tukuna. Kwamitocin da suke ba da aikin bugawa su tuna da marubutan hannu, su biya su haƙƙinsu, su kuma sa sunansu. Sannan a kiyaye ladabi: kada a sa aya ko sunan Allah a takardar da aka san za ta ƙare a ƙasa bayan an watse.

Allah Ya jiƙan malamanmu da marubutanmu da maginanmu, Ya saka musu da alheri, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin.