Ɗan maƙerin da ya kafa jami'o'i, shi kuwa bai taɓa shiga jami'a ba

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Agustan 2025 cewa ta dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojinta na tsawon shekara bakwai, ake ta ce-ce-ku-ce. Wasu na cewa an danne wa yankinsu haƙƙi, wasu na cewa da ma abin ya yi yawa, kowane ɗan majalisa ƙudurinsa ɗaya ne, a kawo jami'a garinsu. To jama'a, bari in kawo muku tarihin wani ɗan majalisar Amurka da ya yi irin wannan aiki, mu duba yadda ya rubuta tasa dokar.

Sunansa Justin Morrill. An haife shi a 1810 a ƙauyen Strafford da ke jihar Vermont, mahaifinsa maƙeri ne. Yana shekara 15 ya bar makaranta ya zama yaron kanti, daga baya ya zama ɗan kasuwa mai rufin asiri. Ya shiga majalisar wakilai a 1855. A zamanin, kwalejojin Amurka na 'ya'yan masu hali ne, ana karanta Latin da Girkanci, a fito lauya ko limamin coci. Ɗan manomi da ɗan maƙeri ba su da wuri a ciki.

A 1857 ya gabatar da ƙudurinsa. Majalisa ta amince a 1859, shugaba James Buchanan ya ƙi sa hannu, ya ce baitulmali ba kuɗi, kuma ilimi hurumin jihohi ne. Morrill bai yi zuciya ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, wakilan kudu, waɗanda su ne manyan 'yan adawar ƙudurin, suka fice daga majalisa. Ya sake kawo shi, ya ƙara masa koyar da dabarun soja don ya dace da halin da ake ciki. Ran 2 ga Yulin 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu, ana tsakiyar yaƙi.

Yanzu ga inda nake so a kula. Dokar ba ta ce a gina kwaleji a Strafford ba. Kowace jiha an ba ta filin gwamnatin tarayya eka 30,000 a kan kowane wakili da sanata da take da shi. Jiha ta sayar da filin, amma uwar kuɗin ba a taɓa ta har abada, sai a juya ta a riƙa cin ribar. Da ribar za a riƙe kwaleji aƙalla ɗaya wadda babban aikinta koyar da noma da sana'o'in injiniya ne, ba tare da an kori sauran fannoni ba. Aka ba da wa'adin shekara biyar a buɗe makarantar, ko a mayar da kuɗin. Kowace shekara a kawo rahoto.

Sai kuma wani sashe da wallahi duk lokacin da na tuna shi sai na yi murmushi: haramun ne a kashe ko sisin kuɗin wajen gina ko gyara gini. Gini nauyin jiha ne. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san dalili. Gini shi ne ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto, can kwangila take. Albashin malami da kayan ɗakin gwaji kuwa, ba mai ƙaddamar da su. Mutumin ɗan kasuwa ne, ya san jari ya san riba.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Jihohi da yawa sun yi gaggawa sun karyar da filayensu, wasu a kan abin da bai kai dala ɗaya ba kowace eka, 'yan baranda suka kwashi garaɓasa. New York ce ta dace: Ezra Cornell ya sayi kaso mai yawa na takardun filinta, ya kama dazukan katako a Wisconsin, aka jira farashi ya tashi, jami'ar Cornell ta samu miliyoyin daloli. Kuma kar a manta filin na wa ne. Sama da eka miliyan 10 an karɓe su ne daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wani da yarjejeniyar dole, wani da bakin bindiga. Baƙar fata a kudu ma an rufe musu ƙofa, sai a 1890 Morrill, lokacin yana sanata, ya kawo doka ta biyu wadda ta ce jiha ta karɓe su ko ta buɗe musu tasu makarantar. Rabin adalci ne, don ta halatta wariya, amma daga nan jami'o'in baƙar fata da dama suka samo tushe. Shekara 28 tsakanin dokokin biyu, mutum ɗaya yana bin magana ɗaya. Ya rasu a 1898 yana kan kujerarsa.

Wasu 'yan majalisar suka ɗora a kai: dokar 1887 ta kawo tashoshin binciken noma, ta 1914 ta kawo malaman gona masu kai wa manomi sakamakon binciken har gonarsa.

Abin ya iso har gida. Da Azikiwe, wanda ya yi karatu a Amurka, zai buɗe jami'ar Nsukka a 1960, wannan salo ya ɗauko, tare da taimakon jami'ar jihar Michigan. Ita kuwa jami'ar jihar Kansas, wadda aka kafa a 1863 a ƙarƙashin dokar Morrill, malamanta ne suka zo Samaru a shekarun 1960 suka taimaka wa Jami'ar Ahmadu Bello ta tsayar da tsangayar noma da ta likitan dabbobi.