Sarkoyidosis: Ciwon Huhu Mai Kama da Tarin Fuka da Yadda Ake Gano Shi

Sarkoyidosis ciwo ne na kumburi, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke taruwa su dunƙule, su zama ƙananan ƙulluttai a gaɓoɓin jiki. A cikin masu ciwon goma, kimanin tara huhu yake kamawa, ko kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. Likita Jonathan Hutchinson na Landan ne ya fara bayyana shi a 1877. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi a gida ko a sahun masallaci.

Alamominsa su ne busasshen tari mai daɗewa, sarƙewar numfashi, kasala, zazzaɓi da rama. Wani lokaci yakan fito a fata ko ya sa jan ido. Matsalar ita ce yawancin waɗannan su ne alamomin tarin fuka. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin waɗanda tarin fuka ya fi addaba. Saboda haka idan mutumin unguwar Kilomita Biyar a Bangui ya je asibiti da irin wannan tari, daidai ne likita ya fara zargin tarin fuka.

Matakin farko shi ne gwajin kaki, da madubin likita ko da na'urar GeneXpert wadda Hukumar Lafiya ta amince da ita a 2010. Babban ɗakin gwajin tarin fuka na ƙasa yana Cibiyar Pasteur ta Bangui, wadda aka kafa a 1961. Ana haɗawa da gwajin ƙanjamau, domin yakan sauya kamannin ciwon huhu.

Mataki na biyu hoton ƙirji ne. A sarkoyidosis yakan nuna kumburin kaluluwa a gindin huhu biyu, dama da hagu daidai wa daida. Tarin fuka kuwa ya fi cin saman huhu har ya yi rami. Hoton sikana ya fi fito da ƙulluttan filla-filla, amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mataki na uku shi ne leƙa hanyoyin iska da siririn bututu mai kyamara, wato bironkoskofi. Majiyyaci zai daina ci na wasu sa'o'i, a fesa masa maganin kashe zafi, sannan a zura bututun ta hanci ko baki. Ana zuba ruwan gishiri kaɗan a wani sashen huhu a tsotso shi, a ƙirga ƙwayoyin da suka biyo, a kuma sake neman ƙwayar tarin fuka. Sannan a tsinko ɗan nama a duba. Ƙullutun tarin fuka yawanci tsakiyarsa ta mutu ta zama kamar cuku, na sarkoyidosis kuwa galibi bai ruɓe ba. Ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba, likitan huhu ne ke turawa.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin maganin ɗaya haɗari ne ga ɗayan. Sarkoyidosis yakan warke da kansa ga mutane da yawa, idan kuma ya tsananta ana ba da Prednisolone, wanda ke danne garkuwar jiki. Mai tarin fuka da ya sha shi ba tare da maganin fuka ba, ciwonsa bazuwa zai yi. Mai sarkoyidosis kuma zai iya shan maganin fuka na wata 6 a banza, alhali huhunsa na yin tabon da ba ya gogewa.

Don haka wanda gwajin kakinsa bai nuna komai ba, kuma ya sha magani tarin bai tafi ba, ya koma wurin likita da tsofaffin hotunansa da takardun gwajinsa. Kada ya daina maganin fuka da kansa, kada kuma ya sayi Prednisolone a kasuwa.