Black Swan: Kamfanin Faifan Garmaho da Ya Rayu Shekara Uku

A shekarar 1920 kamfanin OKeh ya fitar da faifan garmaho na wata mawaƙiya baƙar fata, Mamie Smith, ya kuma yi kasuwar da ba wanda ya zata. Sai a lokacin Turawan da ke riƙe da harkar faifai a Amurka suka farga cewa baƙaƙen fata ma masu saye ne. Harry Pace kuwa abin da ya gani dabam ne: murya ta mutanensa, riba ta wasu.

A 1921 ya rabu da abokin kasuwancinsa, W. C. Handy, ya kafa kamfaninsa a unguwar Harlem ta birnin New York. Ya sa wa faifan suna Black Swan, laƙabin Elizabeth Taylor Greenfield, mawaƙiyar ƙarni na 19 da aka haifa cikin bauta. Malaminsa na jami'ar Atlanta, W. E. B. Du Bois, yana cikin daraktocin kamfanin, matashi Fletcher Henderson kuma shi ke kula da ɗaukar waƙoƙi.

Burin Pace, a fahimtata, ya wuce ciniki. So yake ya nuna wa duniya cewa baƙar fata na iya rera waƙoƙin opera da na coci kamar kowa. Amma abin da ya ciyar da kamfanin shi ne kiɗan blues, wanda 'yan boko irinsa suke yi wa kallon na 'yan tasha. Faifan Ethel Waters na 1921 ne ya fitar da shi kunya. An ce Bessie Smith ma ta zo gwaji aka sallame ta saboda muryarta ta yi kaushi. A 1923 ta koma Columbia, ta zama sarauniyar wannan kiɗa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya faru ne a 1922. Pace ya haɗa hannu da wani Bature, John Fletcher, suka sayi masana'antar buga faifai ta Olympic a Long Island City, har da tsoffin waƙoƙinta. Kamfanin da ke tallar cewa baƙaƙen fata zalla yake ɗauka sai ga shi yana fitar da kiɗan Turawa da sunayen aro. Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci kawai ba: masana'anta ba ta zama babu aiki, bashi kuma ba ya jira.

Daga nan komai ya taɓarɓare da sauri. Rediyo ta shigo gidaje, cinikin faifai ya ja baya, manyan kamfanoni kuma suka riƙa janye mawaƙan da Pace ya fito da su da kuɗin da ba zai iya biya ba. A Disambar 1923 kamfanin ya karye. A 1924 waƙoƙinsa suka koma hannun Paramount, mallakar wani kamfanin kujeru na jihar Wisconsin. Pace ya koma harkar inshora, ya rasu a Chicago a 1943.