Zazzaɓi Ya Kama Sunan Tsohuwa



Mu da muka tashi a Maiyama mun san yadda abin yake. Damina ta yi nisa, yaro ya kwanta da zazzaɓi, yana fizge-fizge yana sambatu. Da ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama masa kurwa, a jawo ta ta tsallake shi.

Me ya sa galibi mace ce? Tsohon imanin Hausawa ya ce a nono ake shan maita. Wanda ya gada ta wajen uba nauze ne, yana gani amma ba ya ci. Turawa ma sun yi irin wannan. A garin Salem na Amurka, a 1692, 'yan mata suka yi ta fizge-fizge suna kiran sunaye, aka rataye mutum 19, 14 mata ne.

A 1880 likita Alphonse Laveran ya ga ƙwayar maleriya a jinin majiyyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro. Yau mun san idan ta taɓa ƙwaƙwalwa tana kawo fizge-fizge da sambatu, yaro kuwa sunan wanda ya sani zai kira.

Duk da haka muna ta rubuta mayya mai jajayen idanu, alhali mai karatunmu yana da maƙwabciya tsohuwa wadda ba ta da mai tsaya mata. Wannan makon mu gwada ba da labarin daga bakin wadda aka jawo tsakar gida.