Tashoshin Jirgin Ƙasa na Gabashin Kano

Tashoshin jirgin ƙasa na gabashin Kano su ne jerin tashoshin da aka gina a kan layin dogon da ya tashi daga birnin Kano ya nufi Nguru, watau irin su Jogana da Zakirai da Ringim, waɗanda mutanen ƙasar Gaya da Ajingi suka daɗe suna hulɗa da su, ko da yake dogon bai taka garin Gaya ba, ya bi ta arewa ne, can hayin kogin da ya biyo ta Wudil ya gangara Ringim da Haɗejiya. Wannan kuwa abin lura ne, domin ma'abota tarihi sun ruwaito cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala suna haƙar tama, daga Gaya suka fito; sai ga shi da hanyar ƙarfe ta zo, ta kauce wa garin maƙeran.

Asalin al'amarin yana komawa ga shekarar 1907, lokacin da aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Aikin ya ci ƙarfin talakawa ƙwarai, gama ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, da yawansu ba da son ransu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, aka kafa tashar a wajen ganuwa, ta gabas, inda daga baya kantunan Turawa da na Kwarori suka kewaye ta, Sabon Gari kuma ya tsiro kusa da ita. Turawa auduga suka sa wa rai, saboda masaƙun Ingila. Amma manoman Kano, da fatake irin su Alhasan Ɗantata, suka auna kuɗin auduga da na gyaɗa, suka ga inda riba take, har ya zama a 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali kafin zuwan jirgi abin bai taka kara ya karya ba.

Gyaɗar nan ce ta jawo dogo gabas. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka miƙa layin, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230, da faɗin nan na ƙafa uku da inci shida wanda aka yi galibin tsohon dogon Nijeriya da shi. Galibin tashoshin hanya ba wasu gine-gine ne na alfarma ba: ofishin shugaban tasha, da tagar yankan tikiti, da rumfar kwano ta masu jira, da sito, da sikeli, da 'yan gidajen ma'aikata, a wasu wuraren kuma da tankin ruwan da kan jirgi ke sha, zamanin da gawayi ke tuƙa shi. Amma duk inda aka kafa sikeli, nan kasuwa takan kafu. Da kaka ta yi, sai ka ga jakuna da takarkarai da raƙuma sun yi jerin gwano daga ƙauyuka, 'yan baranda suna tare su tun daga nesa, 'yan dako suna jibga buhuna, masu tuwo da masu fura suna cin nasu rabon, har wurin da dā daji ne ya koma gari. Malam Madori shaida ce: dogo ya bar Haɗejiya a gefe, sai tashar ta zama ƙofar da amfanin ƙasar Haɗejiya ke fita ta cikinta. Manomin Ajingi kuwa, idan ruwan kogi ya janye, Zakirai ko Ringim sun fi birni kusa da shi. Na Gaya yakan zaɓi ko ya haye kogi, ko ya bi ta Wudil.

Dalar gyaɗa, wadda ake ta begenta a yau kamar alamar yalwa kaɗai, haƙiƙa tana kuma nuna gazawar reluwe, domin da taragai sun isa kwashe amfanin shekara a kan lokaci, da ba a tara buhu dubu goma sha biyar a dala guda ana jiran jirgi ba.

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta karɓi ragamar aikin a 1955, tashoshin kuma suka ci gaba da harka har farkon shekarun 1970, sa'an nan masifu suka biyo juna: fari, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, da kwalta da manyan motoci waɗanda ke zuwa har ƙofar gida. Jirgin Nguru ya koma sai jifa-jifa. Abin da ya fi cin irin waɗannan gine-gine a ƙasarmu ba safai yake zama katafila ba. Yoyon rufi ne, da gara, da masu kwance ƙarfe da dare, da kuma kwaɗayin fili, gama filin reluwe yana da faɗi, kuma gari ya riga ya zo ya same shi, kowa na ganin wurin shaguna ko tashar mota.

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan ɗaci. A Amurka an fara rushe babbar tashar Pennsylvania ta birnin New York a 1963, baƙin cikin haka ya sa birnin ya yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, wadda daga baya ta tsirar da tashar Grand Central. A Landan an rushe ƙofar tashar Euston a farkon shekarun 1960, amma maƙwabciyarta St Pancras ta kuɓuta. Misalin da alhazanmu suka fi sani shi ne tashar dogon Hijaz a Madina, wadda jirgi ya isa a 1908 zamanin Daular Usmaniyya, aka daina amfani da ita, daga bisani aka gyara ta ta zama gidan tarihi. A nan gida ma akwai gidan Jaekel a Ebute Metta ta Ikko, ginin ma'aikatan reluwe na ƙarshen ƙarni na 19, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ta mai da shi ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa.

Doka dai akwai ta, domin tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, aka ba ta ikon ayyana gini a matsayin abin da ba a taɓawa. Sai dai a Kano hankalin masu kula da tarihi ya fi karkata ga ganuwa da ƙofofi da Gidan Makama, kuma ko waɗannan ba su tsira sarai ba, tun da an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a gurbinta. Akwai masu cewa tasha ginin Nasara ce, ba ta cancanci a kashe mata ko anini ba. A ganina wannan hujja mai rauni ce: Bature ya zana, amma gumin talaka ne ya ɗora tubalin, gyaɗarsa kuma ta biya. Malaman fiƙihu, da suke magana a kan waƙafi, sun sharɗanta a tsare asalin abu a kuma gudanar da amfaninsa. Tsohon sito ma haka yake, muddin ana ajiye hatsi a ciki, ko ana karatu, to za a sami mai toshe yoyonsa.

Yanzu kuma al'amari ya juyo wajen Gaya kanta, wadda aka ba masarauta a 2019, aka soke a 2024, aka maido ta a shekarar da daraja ta biyu, tana riƙe da Gaya da Ajingi da Albasu. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kuma cikin tsarin akwai reshen da zai tashi daga Kano ya bi ta Gaya zuwa Dutse. Sabon dogon ya fi tsohon faɗi, milimita 1,435 ne a maimakon 1,067, saboda haka jirgin da zai tsaya a Gaya ba zai iya hawa layin da ya bi ta Zakirai da Ringim ba.